Asibiti, Masanin Halayya, Malami Ko Dattawan Gida: Ina Mai Ciwon Damuwa Zai Nufa a Kumasi?

A gidajen Zongo na Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase da Sawaba da Tafo, idan mutum ya shafe watanni ba ya barcin kirki, abinci ya fita ransa, ya daina fita kasuwa ya koma zaman ɗaki, akan sami shawara huɗu a cikin gida ɗaya. Uwa za ta ce a kai shi wurin malam a yi masa ruƙiyya, ƙanen da ya yi boko zai ce a tafi asibitin Komfo Anokye, wanda mutanen gari suka fi sani da Ji, wata 'yar uwa da ke aiki a ofis za ta ce akwai masana halayyar ɗan Adam da ake zama da su a yi magana kawai, kawu kuma zai ce babu abin da ke damun yaron da zaman dattawa ba zai warware ba. Kowannensu yana da gaskiya ta wani gefe, shi ya sa gardamar takan ja lokaci, mai ciwon kuwa yana ɗaki yana jira. An yi wannan rubutu ne domin wanda ke tsakanin waɗannan shawarwari, ko shi ne mai ciwon, ko shi ne wanda nauyin yanke hukunci ya hau kansa.

Ma'aunan da ya kamata a riƙe

Kafin a gwada ƙofofin nan huɗu, sai an san abin da ke sa jinya ta hanyar magana ta yi aiki tun asali. Wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka, Jerome Frank, ya kwatanta masu warkarwa na al'ummomi daban-daban a shekarar 1961, daga likitocin zamani har masu maganin gargajiya da na addini, ya ga cewa duk inda aka sami sauƙi akwai abubuwa huɗu: dangantaka ta amana tsakanin mai ciwo da mai magani, wuri da mutane suka yarda wurin neman lafiya ne, bayani game da ciwon wanda hankalin mai ciwo ya ɗauka, da kuma wani aiki da su biyun za su riƙa yi tare bisa wannan bayani. A 1979 wani masanin halayya, Edward Bordin, ya ƙara fayyace dangantakar, ya ce tana tsaye a kan ƙafa uku: su yarda da inda aka nufa, su yarda da abin da za a yi don a kai can, kuma zukatansu su jitu. Binciken da aka yi ta yi tun daga lokacin ya ci gaba da nuna cewa ƙarfin wannan dangantaka yana cikin abubuwan da suka fi hasashen ko mutum zai sami sauƙi, kowace irin hanya aka bi. Saboda haka ma'auni na farko shi ne amana.

Na biyu shi ne harshe da fassarar ciwo, kuma a nan ne batun al'ada yake. Bahaushe ba ya cika zuwa wurin mai magani ya ce yana cikin baƙin ciki. Zai ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kansa yana zafi, zuciyarsa tana bugawa, jikinsa ya mutu, ko tunani ya yi masa yawa. Wata za ta ce an yi mata sammu, ko kambun baka ya kama ta, ko iska ta taɓa ta. Mai maganin da ya yi dariyar wannan bayani ya rasa majiyyacinsa tun a zaman farko, wanda kuma ya karɓe shi ido rufe ba tare da ya duba ko akwai ciwon da magani zai iya yi wa aiki ba, ya cuce shi. Abin da ake nema shi ne mai tambaya: me kake kiran wannan abu, me kake ganin ya jawo shi, me iyalinka suke cewa, wa ka riga ka je wurinsa, me kake fata daga gare ni. Irin waɗannan tambayoyi har an tsara su a jerin tambayoyi 16 da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 don fahimtar al'adar majiyyaci. A lura kuma cewa Zongo ba ƙabila ɗaya ba ce. Akwai Hausawa da Mosawa da Dagwambawa da Wangarawa da Zabarmawa da Fulani da Kotokoli, Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da masallaci, amma kowane gida da yadda yake ɗaukar aure da gado da girman iyaye. Jin Hausa kawai bai isa ya sa mutum ya san gidanka ba, ko da yake rashin jinta babban cikas ne, domin mutum yana iya yin ciniki da Twi ko Turanci a kasuwar Kejetia duk yini, amma idan ya zo faɗin abin da ke ci masa rai sai harshen da aka yi masa reno da shi.

Na uku shi ne rufin asiri. A unguwar da ɗakuna ke manne da juna, kuma kowa ya san kakan kowa, labarin cewa wance tana zuwa asibitin ƙwaƙwalwa yana iya hana ta miji, ya kuma shafi ƙannenta. A ganina wannan ma'auni ne ya fi hana mutanenmu neman taimako, fiye ma da kuɗi.

Sauran ma'aunan su ne waɗanda ake duba wa kowane abu da za a kashe wa kuɗi da lokaci: tsadarsa, ko amfaninsa yana ɗorewa bayan an daina zuwa, sauƙin samunsa, da haɗarin da ke cikinsa.

Asibitin gwamnati

Ghana tana da manyan asibitocin ƙwaƙwalwa uku na gwamnati: na Accra da aka buɗe a 1906, na Ankaful kusa da Cape Coast a 1965, da na Pantang a 1975. Dukkansu suna kudu, saboda haka mazaunin Kumasi yakan fara ne da sashen ƙwaƙwalwa na Komfo Anokye, ko kuma da ma'aikatan jinya na lafiyar ƙwaƙwalwa da ke asibitocin gunduma. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012, mai lamba 846, ita ta kafa hukumar da ke kula da wannan fanni, ta kuma tanadi haƙƙin majiyyaci na a sirranta al'amarinsa da a nemi yardarsa. A ƙarshen 2024 an shigar da cututtuka huɗu cikin inshorar lafiya ta ƙasa: ciwon damuwa, ciwon fargaba, ciwon da ke kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa, da babban taɓin hankalin da ke sa jin muryoyi da ganin abin da babu shi. Wanda katinsa yake da rai zai sami rangwame mai yawa, ko da yake ya kamata ya tanadi kuɗin mota da na maganin da wani lokaci sai an saya a waje.

Ƙarfin asibiti shi ne gano ciwo. Akwai abubuwan da suke kama da damuwa ko shafar aljanu alhali tushensu a jiki yake: farfaɗiya, matsalar maƙoshin da ke sa zuciya bugawa da rama, ƙarancin jini, illar taramadol da wiwi, ko rikicewar da ke biyo bayan haihuwa. Babu malami ko dattijo ko ma masanin halayya da zai iya tantance waɗannan ba tare da gwaji ba. Haka nan idan ciwo ya kai ga mutum ba ya gane mutane, ko yana magana shi kaɗai, ko ya fara maganar kashe kansa, asibiti ne kaɗai ke da magani da gadon kwanciya. A tuna cewa majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka a 2023, don haka tsoron 'yan sanda bai kamata ya hana a garzaya da mutum ba.

Rauninsa kuwa lokaci ne. Majiyyata suna da yawa, ma'aikata kaɗan ne, ganin likita yakan zama na tambayar yadda barci yake da sabunta takardar magani, ba zaman sa'a guda ana warware zaren rayuwa ba. Yawancin ma'aikatan Twi da Turanci suke ji, kuma idan aka sa ɗa ko miji ya zama tafinta, rabin maganar ba za ta fito ba, domin babu uwar da za ta faɗi abin da ke tsakaninta da mijinta ta bakin ɗanta. Yana da kyau a tambaya tun a ƙofa ko akwai ma'aikacin jinya mai jin Hausa, domin sau da yawa akan samu. Game da ɗorewa, maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin aikinsa, kuma ana so a ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe: su sha na kwana goma su ce bai yi ba, ko su ji daɗi su yar da shi, ciwon ya dawo. Wasu magungunan taɓin hankali na da suna sa sandarewar jiki da rawar hannu da yawan barci, iyali su firgita su ce asibiti ya ƙara lalata shi, alhali abu ne da likita zai iya gyarawa da sauya magani ko rage shi. Mai azumin Ramadan ma ya gaya wa likita tun da wuri a daidaita masa lokacin sha.

Masanin halayyar ɗan Adam

Wannan shi ne ainihin abin da ake nufi da jinya ta hanyar magana: zama na kusan sa'a guda, galibi sau ɗaya a mako, da wanda ya yi karatun wannan aiki. A Ghana akwai majalisar da ke ba masana halayya da masu ba da shawara lasisi, wadda aka kafa ƙarƙashin doka mai lamba 857 ta 2013, kuma haƙƙinka ne ka nemi ganin lasisin kafin ka buɗe bakinka. Hanyar da ta fi yaɗuwa ita ce wadda likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck ya tsara a Amurka a shekarun 1960, inda ake koya wa mutum ya kama mugun tunanin da ke zuwa masa kai tsaye, kamar «ni ba ni da amfani» ko «kowa ya tsane ni», ya auna shi da hujja, sannan ya koma ayyukan da ya bari kaɗan-kaɗan. Takan ɗauki zama 12 zuwa 20. Akwai kuma hanyar da ke mai da hankali kan dangantaka da mutane, wato rashi, saɓani, sauyin matsayi da kaɗaici, wadda nake ganin ta fi kusa da irin matsalolin gidajenmu: mutuwar miji da takabar wata huɗu da kwana goma, zuwan kishiya, saki, karayar jari bayan gobarar kasuwa, ko saurayin da ya dawo daga hanyar Libiya hannu wofi da abin da ya gani a hamada.

Ana yawan cewa wannan abin Turawa ne, ba zai yi wa Musulmin Afirka aiki ba. Shaidar da ake da ita ta nuna akasin haka, matuƙar an sake masa riga. A Uganda, gwajin da aka wallafa a 2003 ya nuna cewa zaman rukuni kan dangantaka da mutane ya rage ciwon damuwa ƙwarai a ƙauyuka. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, ƙasar Musulmi, Atif Rahman da abokan aikinsa sun koya wa ma'aikatan lafiya mata hanyar Beck domin jinyar masu ciki da masu jego da ke da ciwon damuwa, cikin harshen mutanen, da hotuna, da shigar da miji da uwar miji cikin lamarin, suka kuma gabatar da shi a matsayin kula da lafiyar jariri. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna cewa bayan wata shida kashi 23 cikin ɗari na matan da aka yi wa wannan ne suka rage da ciwon, a cikin waɗanda ba a yi musu ba kuwa kashi 53. Abin lura shi ne ba ƙashin hanyar aka canza ba, harshe da misalai da waɗanda ake zama da su aka canza. Kuma tunanin auna tunani ba baƙo ba ne a wurin Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rayu a ƙarni na tara zuwa na goma, ya rarrabe baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke faɗo wa mutum babu dalili, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani lokacin da yake lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida. Masanin halayya ɗan Sudan, Malik Badri, ya shafe rayuwarsa yana jan hankalin Musulmi masu wannan aiki da kada su kwafi ra'ayoyin Yamma ba tare da tacewa ba.

Ta fuskar ɗorewa wannan hanya ta fi sauran, domin abin da aka koya yana zama tare da mutum bayan an daina zuwa, kuma bincike ya nuna tana rage yiwuwar dawowar ciwon damuwa. Ta fuskar rufin asiri ma ita ce kan gaba: baƙo ne wanda ba ya zuwa sunan unguwarku, kuma ƙa'idar aikinsa ta hana shi fitar da maganarka sai idan rayuwarka ko ta wani tana cikin haɗari. Matsalarta kuɗi ce da ƙarancin masu yi. Masu zaman kansu suna karɓar kuɗi a kan kowane zama, don haka kada a tambayi kuɗin zama ɗaya a tsaya nan, a ninka shi sau goma sha biyu a ƙara kuɗin mota da ranar da aka rasa a kasuwa, sannan a yanke shawara. Wanda ya fara ya tsaya a zama na uku saboda aljihu ya yi asara biyu. Akan sami masana halayya a manyan asibitocin gwamnati da kuɗi mai sauƙi, sai dai jira. Ɗalibai kuma suna da cibiyoyin ba da shawara a jami'o'insu. Zama ta waya ko intanet yana rage wahalar tafiya da idon jama'a, amma a gidan haya mai ɗaki ɗaya samun inda za a yi magana babu mai saurare aiki ne.

Haɗarinta na musamman shi ne rashin dacewa. Masanin da zai ce wa matar aure ta fara tunanin kanta kawai, ko ya ce wa saurayi ya fuskanci mahaifinsa ya faɗa masa duk abin da ke ransa, ko ya ɗauki yawan ambaton ƙaddara a matsayin alamar ciwo, zai jefa majiyyacinsa cikin rikicin da ya fi wanda ya kawo shi. Kunya da kara da biyayya ga iyaye ba cututtuka ba ne, ko da yake wani lokaci akan fake da su a danne mutum, kuma gwanin aiki shi ne mai iya gane bambancin. Ba dole ne ya zama Musulmi ba. Dole ne dai ya zama mai tambaya da girmamawa, kuma mace tana da damar ta ce mace take so.

Malamin addini da mai ruƙiyya

Idan aka koma ga abubuwa huɗu na Frank, malamin kirki yana da uku a hannunsa tun kafin ya yi magana: an yarda da shi, zaurensa wuri ne na neman waraka, bayaninsa kuma cikin harshe da imanin mai ciwo yake. Yana kusa, ba a bin layi da kati, kuma abin da ake ba shi galibi sadaka ce gwargwadon hali. Yana da abin da babu shi a ɗakin likita, wato ikon ɗauke wa mutum jin cewa baƙin cikinsa raunin imani ne. Malamin da zai tuna wa mai makoki cewa idanun Annabi Yaƙub sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf, kuma shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib ana kiranta shekarar baƙin ciki, ya yi aikin da masanin halayya zai daɗe bai kai gare shi ba. Ga rashi, da nadamar zunubi, da tambayar me ya sa Allah ya jarrabe ni, ban san ƙofar da ta fi wannan ba.

Amma malamai ba ɗaya ba ne, kuma babu lasisin da ke rarrabe su. Akwai wanda duk abin da aka kawo masa aljani ne ko sammu, kuma da zarar an ce sammu sai a nemi wanda ya yi, yawanci kishiya ko maƙwabciya ko tsohuwar gida, zumunci ya lalace a kan zato. Akwai wanda kuɗinsa ke hawa mataki-mataki, yau turare, gobe rago, jibi wani abu, har ya wuce kuɗin masanin halayya nesa. Akwai duka da sunan korar aljani, da hana abinci, da ɗaure mutum. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2012 kan yadda ake ɗaure masu taɓin hankali da sarƙa a wasu wuraren addu'a a Ghana, kuma hukumar lafiyar ƙwaƙwalwa ta haramta ɗaurin a 2017. Haɗarin da ya fi yawa dai shiru yake zuwa, wato jinkiri: shekara biyu ana yawo daga zaure zuwa zaure da ciwon da magani zai iya kwantarwa cikin makonni. Mai waswasin alwala da salla, wanda yake maimaita wanke gaɓa har lokaci ya fita, yakan ƙara tsananta idan aka ce masa ya ƙara ƙoƙari kawai, domin wannan ciwo ne da ke da tasa hanyar jinya. Alamomin malamin da za a amince da shi a bayyane suke: karatunsa Alƙur'ani ne da addu'o'in da aka sani, ba ya keɓewa da mace, ba ya nuna wani da yatsa, ba ya cewa a daina shan maganin asibiti, kuma yana iya cewa wannan ya fi ƙarfina, ku je likita, yana mai dogara da hadisin da ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Haɗa malami da asibiti ba mafarki ba ne, kuma a nan Kumasi aka gwada shi. A wani gwaji da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Kumasi da Ibadan, wanda aka wallafa a 2020, ma'aikatan lafiya a matakin farko sun riƙa ziyartar majiyyata masu taɓin hankali a wuraren masu maganin gargajiya da na addini, suna ba da magani suna shawara tare da masu wurin. Cikin majiyyata sama da 300, waɗanda aka yi wa wannan haɗin gwiwa sun fi sauran samun sauƙi bayan wata shida. Tun a 1954 ma likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya Thomas Adeoye Lambo ya fara irin wannan a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majiyyata ke zama a gidajen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani.

Dattawan gida da amintattun unguwa

Wannan ƙofa kyauta ce, kuma ita kaɗai ke iya canza abin da ke jawo damuwar: kawu zai iya kiran miji ya ja masa kunne, goggo za ta iya ɗaukar jariri mai jego ta yi barci, 'yan adashi za su iya tayar da jarin da ya karye. Sai dai asiri ba ya daɗewa a cikinta, kuma dattijo yakan zo da hukuncinsa a aljihu, maganarsa ta ƙare a kan a yi haƙuri, musamman idan mai kukan mace ce ko yaro. Idan tushen ciwon yana cikin gidan, kamar duka ko cin zarafi, kai ƙara ga gidan yana iya zama haɗari.

Abin da ke mai da dattijo mai jinya na gaske horo ne. A Harare ta Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna da mutum a benci a harabar asibiti, su saurare shi, su taimaka masa ya jera matsalolinsa ya zaɓi ɗaya ya fara da ita, cikin zama shida, suna kiran ciwon da sunan da mutanen ke kiransa, wato yawan tunani. Sakamakon 2016 ya nuna kusan kashi 14 cikin ɗari ne suka rage da alamun damuwa bayan wata shida, a cikin waɗanda ba a yi musu wannan zama ba kuwa kusan rabi. Ina fata ƙungiyoyin matan Zongo da kwamitocin masallatanmu su nemi irin wannan horo, domin Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsari mai zama biyar da aka yi musamman don waɗanda ba likitoci ba.

| Hanya | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙin samu | Rufin asiri | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Asibitin gwamnati | Kaɗan idan akwai katin inshora | Mai kyau idan an ci gaba da magani | Akwai, amma da layi | Doka ta kare shi, sai idon jama'a da tafinta | Illar magani, daina sha da wuri |
| Masanin halayya | Mai yawa a wurin masu zaman kansu | Mafi ɗorewa | Kaɗan ne, masu jin Hausa sun fi ƙaranci | Mafi ƙarfi | Rashin fahimtar gida da addini, tsayawa a tsakiya |
| Malami | Daga sadaka zuwa tsada marar iyaka | Ya danganta da irin ciwon | Mafi sauƙi | Ya danganta da malamin | Jinkiri, zargin mutane, duka ko ɗauri |
| Dattawan gida | Babu | Mai kyau idan an gyara tushen | A gida yake | Mafi rauni | Danne mai rauni da sunan haƙuri |

Wace ƙofa ga wace buƙata

Wanda ya fara jin muryoyi, ko yake zargin ana binsa, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana ta surutu da rabon kayansa, ko yake faɗuwa yana shure-shure, ko ya ambaci kashe kansa ko da sau ɗaya, a kai shi asibiti a ranar. Malami yana iya zuwa ya yi masa addu'a a can ko a gida, amma ba a jira a ga sakamakon ruƙiyya tukuna. Haka mai jegon da ta rikice a makonnin farko bayan haihuwa, ta daina gane jaririnta ko take tsoron za ta cutar da shi.

Wanda aka yi wa rasuwa, yana kuka yana kewa amma yana cin abinci yana salla yana kula da 'ya'yansa, malamin kirki da dangi sun ishe shi. Idan watanni suka wuce abin yana ƙaruwa maimakon raguwa, har ya kasa aikin da ya saba, sai a ƙara da masanin halayya.

Mai damuwa ko fargabar da ba ta kai ga kwantar da shi ba, da mai waswasi, da wanda wani mugun abu da ya gani ko aka yi masa yake dawo masa a mafarki da farke, masanin halayya mai lasisi ya fi dacewa da su. Su ɗauki zama biyu na farko a matsayin gwaji, su lura ko ya tambaye su yadda suke fassara ciwon, ko ya bayyana musu abin da za a yi da tsawon lokacinsa, ko sun fito suna jin an saurare su. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wanda bai ji zai iya buɗe cikinsa ga wannan mutum ba yana da damar neman wani. Idan kuɗi bai kai ba, a fara da ma'aikacin jinya na ƙwaƙwalwa a asibitin gunduma a roƙi a tura mutum ga masanin halayya na gwamnati.

Rikicin aure ko na gado da bai kai ga duka ba, dattawa da limami su fara, da sharaɗin a saurari ɓangare biyu. Inda akwai duka ko fyaɗe, a fara da wanda yake wajen gidan, asibiti da sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin iyali, kafin a sanar da dangi.

Saurayin da taramadol ko wiwi ya kama yana buƙatar ƙofa uku a lokaci ɗaya: asibiti domin yanke ƙwayar farat ɗaya yana wahalar da jiki ƙwarai kuma taramadol kan jawo farfaɗiya, mai ba da shawara domin a gano abin da yake gudu, da wani babba a gida ko a wurin sana'a da zai riƙe shi ya ba shi abin yi da safe, musamman a watannin farko da abokan da ya bari suke nan a bakin layi suna jiran fitowarsa.